Ciwon Aron Inna Tasalla

Tun ranar da baffan Lirwanu, saurayin ɗiyarta, ya taso daga Gummi ya zo Anka, ya zauna a zaure ya ce a ɗan jingine maganar sa rana tukuna, Inna Tasalla ba ta ƙara jin ɗanɗanon abinci a bakinta ba. Aiki kuwa hannu ne kawai yake yi, zuciya tana wani wuri. Yau ma ga ta zaune gaban murhu da muciya a hannu, tuwon dawa yana ta ƙauri, ita ko ba ta sani ba.

"Inna! Tuwo na ƙonewa!"

Mubina ce, ɗiyarta ta fari, ta fito daga ɗaki da gudu ta karɓe muciyar. "Don Allah ki koma inuwa ki zauna. Jikin ne kuma?"

"Jikin ne," in ji Inna, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Suna cikin haka sai ga Malam Makau, maigidan, ya dawo daga rumfarsa ta hatsi da wani ƙulli a hannu.

"Tasalla, sau nawa zan hana ki tsayuwa gaban wuta? Ga saiwa wagga, wani Bafillace ya kawo min ita daga Zugu, ya ce a jiƙa ki sha da safe. Ke kuma yarinya, gishirin nan a rage mata shi, kin ji ko?"

"To, Baba," in ji Mubina.

Inna ta karɓi ƙullin da hannu biyu ta yi godiya. Da za a tsaga ƙirjinta a lokacin, da an ga abin da ya fi kowace saiwa ɗaci. Domin maganar gaskiya, Inna Tasalla lafiyarta ƙalau, kuma ranar da aka ce ta kusa mutuwa ma lafiyarta ƙalau take.

Ga yadda abin ya faro.

Mubina tana shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato, tana karatun kemistiri. Duk danginsu ita ce mace ta farko da ta taka wannan matsayi. Inna kuwa daga aji shida na firamare aka cire ta, abin da ta sani game da jami'a bai wuce abin da take gani in an yi hutu ba: yarinya ta dawo a rame, da jaka cike da takardu, wani lokacin har da ƙasar gona a ƙulle cikin leda, wai za a je a auna ta a ga ko tana da guba.

A can ta haɗu da Lirwanu, ɗan ajinsu, mutumin Gummi. Tun shekarar farko aka haɗa su tebur ɗaya a ɗakin gwaji. Shi gwanin lissafi ne, amma in aka ba shi kwalba hannunsa rawa yake yi. Ita kuwa sai ta ɗiga ruwan magani ɗigo-ɗigo har launi ya juya, ba ta zarce ba. Daga "ara mini handawut", wato takardar darasi, aka koma "kin ci abinci kuwa?" Ba su yi wasa ba, suna aji uku iyayensa suka kawo gaisuwa. Aka tsayar da magana: su gama, sakamako ya fito, a ɗaura aure kafin a tafi bautar ƙasa.

To kun san al'adarmu game da ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Mubina da bakinta ba, sai dai "ke", ko "wagga yarinya". Ba ta yabonta gaban mutane, ba ta shigar mata faɗa, ba ta zama su yi hira irin ta uwa da ɗiya. Son yana nan fal a ciki, amma alkunya ta rufe shi ruf.

Ana tsakiyar jarrabawar ƙarshe, Inna ta kira ta a waya bayan sallar isha'i don ta ji lafiyarta. Sai ta ji hayaniya, har da muryoyin maza.

"Ke, ina kike haka?"

"Muna aji, Inna. Babu wuta a hostal, nan za mu kwana karatu. Jibi muna da babbar fefa."

Kafin Inna ta ce wani abu sai ta ji wani namiji yana cewa, "Mubina, zo ki duba mana wannan!" Yarinya ta ce, "Inna sai da safe," ta kashe.

Tambayoyi goma suka taso wa Inna, ba ko ɗaya da bakinta zai iya furtawa ga ɗiyar fari. Da gari ya waye, maƙwabciyarta Atine ta shigo aron rariya, ta tarar da ita zugum. Ba a jima ba magana ta zubo.

Atine ta dafe ƙirji. "Kwana aji? Da maza? Tasalla, kina zaune! In mutanen Gummi sunka ji wagga magana hwa?"

"To mi zan yi? Kin san ba ni iya tambayarta."

"Wa ya ce ki tambaye ta? Kira ta gida ki dube ta da idonki. Uwa ai kallo ɗaya take yi ta gane."

"In ce mata mi?"

"Ki kwanta mana! Wace ɗiya za ta ji uwarta kwance ta zauna?"

"Jarrabawar hwa?"

"Jarrabawa gudu take yi? In ta koma sai ta yi abinta."

Nan Inna ta tuna shekarar da ƙyanda ta kama Mubina tana firamare. Malam Makau ya je ya gaida hedimasta, mako na zagayowa aka zaunar da yarinya a ofis ita kaɗai ta rubuta jarrabawarta, har ta zo ta biyu. Makaranta ai makaranta ce, in ji zuciyarta. Malamai ba su da tausayi ne?

Sai ta shiga ɗaki ta ja bargo, ta kama nishi. Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne tsoron maigidanta. Malam Makau ya shigo ya yi magana ta yi shiru, ya taɓa ta ta ƙara nishi, sai hankalinsa ya tashi ya zaro waya.

"Ki taho yanzu-yanzu! Uwarki ko magana ba ta yi!"

Lirwanu ya bi Mubina har tasha yana roƙo. "Ki bari gobe da safe mu rubuta, ana fitowa ni da kaina zan raka ki. Filis, Mubina, awa uku ce kawai!"

"In na tsaya awa ukun na je na tarar an rufe ta fa? Ka ce in yi yaya da takardar?"

Ta shiga mota.

Ta iso Anka ana kiran magariba. Kowa kuwa ya san hanyar nan, in la'asar ta yi babu direban da zai ɗora motarsa a kanta saboda halin da ake ciki. Komawa a ranar ba ta taso ba.

Inna ta leƙo ta ƙarƙashin bargo ta yi kallon nan da Atine ta ce. Me ta gani? Yarinya ta ƙara ramewa, idanu sun faɗa don rashin barci, yatsu duk tawada, hijabin da ta tafi da shi ne dai a jikinta har ya koɗe. Ta durƙusa tana kuka tana taɓa goshin uwarta. Da ta dama kunu ta kawo, sai ta zauna bakin gado ta buɗe handawut, tana karantawa hawaye suna ɗiga a kai. Tun a nan Inna ta san ɗiyarta ba ta da wani aibu. Ta ji sanyi a ranta, ta ce gobe ko jibi sai ta warke, yarinya ta koma ta yi jarrabawarta.

Ta kuwa warke. Har ma da aka yi suna a gidan Atine kwana biyu bayan nan, da ita aka yi dakan fura, tana ɗaga taɓarya tana dariya. Ba ta lura da wata baƙuwa da ke zaune gefe tana kallonta ba. Munira ce, ƙanwar mahaifin Lirwanu, da ke aure a Bukkuyum.

Mubina ta koma ta rubuta sauran fefofin. Da ta dawo gida da kayanta, Inna ta daure ta tambaya, fuskarta a gefe, "Waccan da kika rasa, an ba ki kin yi?"

"Ba a yin haka a jami'a, Inna. Keri-oba ce."

"Mi ke nan?"

"Kos ɗin sau ɗaya ake yin sa a shekara. Sai baɗi war haka, in bi 'yan bayanmu in zauna aji tare da su, in sake tes, in sake jarrabawa. 'Yan ajinmu za su fita, ni ban gama ba."

"Shekara guda? Don yini ɗaya?"

"Haka dokar take. Wata ƙawata ta ce in nemo shaidar asibiti in ce ni ce na kwanta. Na ce ba zan gina digirina a kan ƙarya ba."

Maganar ta daki Inna kamar an watsa mata ruwan zafi, amma ta haɗiye.

Malam Makau bai yarda ba. Ya kama zabi biyu masu ƙiba ya ɗaure, ya hau mota har Sakkwato, ya yi ta tambaya har aka kai shi ofishin malamin kos ɗin. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kujera da ruwan sanyi. Malam Makau ya rantse masa da Allah cewa matarsa ta leƙa kabari ta dawo. Malamin ya jajanta, ya ce sakamako ya riga ya wuce hannunsa, ba shi da ikon taɓa shi, zabin ma a mayar wa mai jiki ta sha romo. Haka ya dawo da su, aka yanka, aka yi wa Inna farfesu. Tana ci tana jin kamar ƙaya take haɗiya.

A Gummi kuwa labari ya sha bamban. Lirwanu ya fito da sakamako mai kyau, ya gaya wa mahaifiyarsa Hajiya Lauratu dalilin da ya sa Mubina ba ta gama ba. Munira tana wurin, ta ce, "Wace Tasalla? Wadda na isko tana dakan fura kamar budurwa?" Shi ke nan. Hajiya Lauratu ta ce yarinyar da za ta ɗora wa uwarta ciwon ƙarya don ta rufe abin da ta aikata, ba da ita za a kawo mata gida ba. Abin da ya kawo baffan Lirwanu zauren Malam Makau ke nan, ko da yake shi bai faɗi dalili ba, cewa kawai ya yi a jira yarinya ta gama tukuna a gani.

Ranar da tuwo ya ƙone ɗin nan, da la'asar sakaliya, sai ga Lirwanu ya yi sallama. Mubina ta sa hijabi ta fita zaure. Inna kuwa ta ɗauki ƙwaryar dusa ta nufi turken awaki, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da zauren. Ba don ta saurara ta je ba, amma da ta ji muryarsa ƙafarta ta ƙi ɗagawa.

"Mubina, ki taimake ni. Hajiya ta ce ko dai tsoron fefar kika ji kika gudu, ko kuma akwai inda kika je da ba ki son a sani."

"Kai me ka ce?"

"Na ce mata ke kika yi mana tutoriyal na kos ɗin! Rabin ajinmu da bayaninki suka ci. Yaya za a yi ki ji tsoronsa? Ta ce to ina kika je? Gwaggo Munira ta rantse ta ga Inna da taɓarya."

"Allah ke saukar da ciwo, shi ke ɗauke shi."

"Kar ki yi mini haka. Shekara huɗu muna tebur ɗaya, ko lambar gwaji ba ki taɓa yarda mun gyara don ta yi daidai ba. Na san ba ki ƙarya. To in ba ke ba ce, wa ya yi?"

Inna ta ji bugun zuciyarta har cikin kunne.

"Lirwanu, kar ka ƙara yi mini wannan tambayar."

"Ashe kin san wani abu!"

"Abin da na sani nawa ne. In na buɗe baki ka kai wa Hajiya, Hajiya ta gaya wa Gwaggo Munira, kafin Juma'a daga Gummi har Adabka an ji. Ni yarinya ce, in an ce na yi ƙarya, baɗi an manta. Babba fa? Da wane ido za ta shiga gidan biki? Da wane ido Baba zai dube ta, shi da ya je ya rantse gaban malaminmu?"

"Ko da aurenmu ne zai lalace?"

Muryarta ta karye. "Wallahi ina son ka, ka sani. Amma ba zan sayi ɗakina da mutuncin wadda ta haife ni ba."

Can ya ce, "Ni dai ba zan nemi wata ba, ko shekara nawa ne. Amma ba zan iya tsallake maganar Hajiya ba, Mubina. Ga ni nan a tsakiya, ban san inda zan sa kaina ba."

Ƙwaryar dusa ta suɓuce daga hannun Inna, awaki suka rufa a kai. Ashe yarinyar ta sani! Ta sani tana dama mata kunu, ta sani tana karɓe mata muciya, tana "jikin ne kuma?" Inna ta jingina da katanga ta toshe bakinta da gefen zane, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Washegari da sassafe ta yi wanka ta ɗauko mayafinta na fita.

"Malam, Gummi za ni."

"Wurin mai maganin nan da anka faɗa min? Madalla! Ki dai juyo kafin la'asar."

Ta bar shi a kan haka ta fita.

A mota kowa yana ta addu'a ana leƙen daji, ita kuwa ba ta daji take ba. Uwar ɗiya ta taka gidan surukai da ƙafarta, ba aike ba rakiya, kuma a kan ɗiyar fari! In aka ji, har jikoki sai an yi musu gori. Sau biyu tana buɗe baki za ta ce direba ya sauke ta a mahaɗar Bukkuyum ta juya, sai ta tuna muryar nan da ta karye a zaure.

Ta tarar da Hajiya Lauratu a tsakar gida tana auna wa masu talla ƙuli-ƙuli. Mace ce doguwa mai jiki, mai magana ɗaya. Da ta gane mai sallamar sai mudun ya tsaya a hannunta.

"Ikon Allah! Innar amarya da kanta? Lafiya? Ku kawo tabarma!"

Inna ta ƙi hawa tabarmar, ta zauna a ƙasa daga gefe. Aka kori yara, aka gaisa sama-sama.

"Ya ƙarfin jiki?" in ji Hajiya, da wani ɗan murmushi a gefen baki. "Mun ji an sha fama. Har da su daka."

"Hajiya, abin da ya kawo ni ke nan. Ban yi ciwo ba."

"Ai mun sani. Ita ɗiyar taku..."

"A'a! Ba ita ba. Ni na yi ƙaryar. Ni na ja bargo na kwanta, ubanta ya tsorata ya kira ta. Ta baro jarrabawarta don ta zaci mutuwa nike yi."

Hajiya ta ajiye mudu. "Ke? Don mi?"

Inna ta kwashe duka ta faɗa, tun daga wayar isha'i har shawarar Atine, har hedimastan firamare, har zabin da aka kai Sakkwato aka dawo da su. Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kwana aji!" Hajiya ta tafa hannu. "Haba Tasalla! Ai shi ma nawa can yake kwana, su ɗari da wani abu, fitila tar kamar rana, masu gadi na zagayawa. Sauro kaɗai ke taɓa mutum a wurin! Ba sai ki tambaye ta ba?"

"Ɗiyar fari ce, Hajiya. Bakina bai iya ba."

"Bakinki bai iya tambaya ba, amma ya iya nishi!"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta san ta cancanci fiye da haka.

"To ita yarinyar, ta san ƙarya kika yi?"

"Ta sani tun ranar. Jiya na ji ɗanki yana roƙonta ta faɗa, ta ce gara auren ya lalace da a ji kunyata." Sai ta ɗago, ta dubi Hajiya ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Hajiya, ki zage ni, ki faɗa wa duk wanda kika so. Amma Mubina ba ta ƙarya. Mubina ɗiyar kirki ce. Ni ce ban cancanci Mubina ba."

Sau uku ta kira sunan. Shekara ashirin da 'yan kai yana bakinta a ɗaure, yau ya fito a tsakar gidan surukai.

Kaji suka fara tsattsagar ƙuli-ƙulin, Hajiya Lauratu ba ta kore su ba. Da ta buɗe baki muryarta ta sauka.

"Na zauna nan na kira ɗiyar mutane maƙaryaciya, ita ko tana can ta goya kunyar uwarta a baya ta yi shiru. Allah ka yafe mana." Ta miƙe ta kamo hannun Inna. "Taso ki hau tabarma, don Allah. Wadda ta rufa wa uwarta asiri haka, ni ma in na tsufa na fara ɓarna ita za ta rufa min. Maganar ga kuwa ta mutu nan. Alhaji, uban Lirwanu, zan ce mai na bincika, yarinya na da gaskiya. Munira ko in ta ƙara buɗe baki ni da ita ne."

Inna ta iso gida kafin la'asar. Ta tarar da Mubina tana tankaɗe. Ta tsaya a kanta, ta rasa ta inda za ta fara.

"Daga Gummi nike. Na faɗa wa Hajiya komi."

Rariya ta faɗi. "Inna! Don me? Ai da kin bari..."

"Mubina."

Yarinya ta daskare. Ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba.

"Ki yafe min shekararki da na ci."

Mubina ta faɗa jikinta, suka rungume juna suna kuka, gari duk ya bi zannuwansu. Da kukan ya lafa Inna ta ce, "Wai ya anka yi kika gane?"

Mubina ta yi dariya cikin hawaye. "Inna, wadda ba ta iya magana ce za ta kurɓi kunu ta ce tsamiya ta yi yawa?"

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Lirwanu ya tafi bautar ƙasa can kudu shi kaɗai. Mubina ta zauna gida wata da watanni tana koyar da yaran unguwa, tana jin ƙawayenta suna turo hotuna da kakin hidima. Da zangon ya zo ta koma, ta zauna aji da 'yan bayanta, wasu marasa kunya suna kiran ta "Anti Sifil-oba", wato mai maimaita shekara. Ba ta kula ba. Kafin a yi nisa su ne suke layi da handawut suna roƙon ta yi musu tutoriyal.

Ana gobe jarrabawar, Inna ta kira ta bayan isha'i. Hayaniyar nan dai, muryoyin mazan nan dai.

"Muna aji, Inna."

"To madalla. Ku da su wa? Mi kuke karantawa? Kin shafa maganin sauro?"

Mubina ta zauna ta ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen 'yan ajin. Inna ta kashe waya ta yi barcinta.

Sakamako ya fito, Mubina ta ci kos ɗin da maki mafi girma a ajin. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, motoci suka taso daga Gummi tun da hantsi. Hajiya Lauratu da kanta ta riƙo hannun amarya ta shigar da ita ɗaki, tana gaya wa mata, "Wagga ba suruka ba ce, ɗiya ce." Haƙurin Mubina bai faɗi ƙasa ba, jiran Lirwanu ma haka.

Iyaye mata 'yan'uwana, mu da ba mu yi zurfi a boko ba, in mun tura yaranmu jami'a mu sani wurin yana da tsarinsa da ba irin namu ba. Abin da ba mu gane ba mu buɗe baki mu tambayi yaran, ko da na fari ne. Alkunya ado ce, amma in ta hana uwa tambayar ɗiyarta har ta kai ta ga ƙarya, ta zama cuta. Kuma ba kowace shawarar maƙwabciya ake ɗauka a kwanta da ita ba.

Sai dai har yau da sauran abu guda da ke hana Inna Tasalla sakewa. Malam Makau bai sani ba. Har gobe yana shigowa da ƙullin saiwa, har gobe miyarta daban ake zuba mata ba gishiri, in baƙi suka zo sai ya ba su labarin yadda Allah ya dawo masa da matarsa daga bakin kabari, idonsa yana kawo ruwa. Mubina ta ce a bar shi, faɗar ba za ta ƙara masa komai ba sai baƙin ciki. Hajiya Lauratu ta ce a faɗa masa, mutum bai kamata ya yi ta godiya a kan abin da bai faru ba, ga kuma rantsuwar da ya yi gaban malami. Jiya ma ya miƙo mata kofin jiƙo yana cewa, "Shanye duka, Tasalla, ban son abin nan ya dawo." Ta karɓa ta shanye, ɗacin ya tsaya mata a maƙoshi har yanzu.

To ku masu karatu, don Allah ku ba ta shawara. Ta durƙusa gabansa ta faɗa masa, ko ta ci gaba da shan saiwar?